Wankin Gonar Baba Ɗigo

Surukina bai taɓa zubar da ruwa ba, kuma ba ƙari nake yi ba. Ruwan alwalarsa a tasa yake tarawa ya kai wa bishiyar lemon da ke tsakar gida. In ya sha ruwa ya rage, zai ɗora faranti a kan kofin ya ajiye a taga har ƙishi ya sake dawowa. Mutanen unguwa Baba Ɗigo suke ce masa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, kuma yana amsawa.

Sai Allah Ya haɗa shi da ni. Daga ƙasar da ake ruwan sama aka auro ni, inda in damina ta kankama ruwa yake shigo maka har ɗaki ya tafi da takalmanka. Kwana kaɗan da tarewata na wanke kwanuka yadda uwata ta koya min, na ɗauraye na sake ɗaurayewa, na ɗauki bahon na watsa a tsakar gida. Da na ɗago sai na ga dattijo tsaye a ƙofar ɗakinsa yana kallon wurin da ya jiƙe. Ya tsaya har ƙasa ta shanye, sannan ya koma ciki. Da yamma Inna, matarsa, ta ja ni gefe ta ce, "Yarinya, in kin gama wanke-wanke ki riƙa bar min ruwan a baho. Yau Babanku bai ci abincin rana ba."

Inna ce ta ba ni tarihinsa, sau ɗaya tak, muna tsintar wake, kuma ba ta ɗago kai ba har ta gama. A cikin hamada aka haife shi, wurin masu raƙuma da awaki, inda rayuwa duka tafiya ce daga wannan rijiya zuwa waccan. Har ya fara gemu bai taɓa ganin ruwa yana tafiya da kansa ba, sai dai a jawo shi da guga a ɗura a salka, a ɗaure bakinta tam. Shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobinsu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ya taso da mahaifiyarsa da ƙanwarsa da salka guda, suka nufi inda aka ce akwai kogi. Shi ne mai rabon ruwa a hanya, da murfin butar shayi yake auna wa kowa. Su biyu suka iso, shi da tsohuwar. Inna ta ce ita kanta sau ɗaya ta taɓa jin sunan yarinyar a bakinsa, shi ma yana cikin zazzaɓi. Daga nan ta ce in miƙo mata faifai.

Ga wanda bai san ƙasar nan ba, ba a ruwan sama. Akan yi shekara da shekaru gajimare bai yi mana ko sallama ba. In ma ya zo ya ɗan ɗiga, yara su fito kallo, kafin ka lalubo bokiti ya wuce. Amma akwai kogi. Can wata ƙasa mai nisa ake yin ruwan, a kan duwatsun mutanen da ba mu taɓa gani ba, kogin ya kwaso ya ratso hamada da shi, har da baƙar ƙasa mai laushi da yake zubarwa a gefensa. Filin kuma shimfiɗe yake kamar tabarma, da ɗan gangare kaɗan, in ka sako ruwa daga sama ba sai ka roƙe shi ba. Rana kuwa ba a magana, har ta yi mana yawa.

Ranar da Baba ya fara ganin kogin, in ji Inna, zama ya yi a bakinsa tun hantsi har la'asar. Da wani mai kwalekwale ya zo wucewa ya tsayar da shi ya ce, "Bawan Allah, wannan na waye?" Mutumin ya ce na Allah ne. Baba ya ce, "To wa yake rufe shi in an gama ɗiba?" Mai kwalekwale ya dube shi sama da ƙasa, ya tura abinsa gaba.

A lokacin gwamnati ta datse kogin, ana haƙa babbar hanyar ruwa wadda muke ce wa kanal. Aka ce duk wanda ya yi haƙa har ƙarshe za a yanka masa gona. Baba bai taɓa riƙe shebur ba, bai san shuka ba sai wadda akuya ke ci, amma ya shiga. Da aka zo rabo ya samu ta can ƙarshen layi, wadda ta fi kowace kwari, inda ruwa yake zuwa daga baya kuma ba ya son tashi. A nan ya koyi noman albasa da alkama da tumatir, da kallo da tambaya. Da gonar ya yi aure, da ita ya binne mahaifiyarsa, da ita ya yi gidan nan ɗaki-ɗaki.

To kowace gona a nan baki biyu gare ta. Akwai bakin sama, inda mai rabon ruwa yake buɗe maka ƙofa in ranarka ta zo. Akwai kuma bakin ƙasa, wanda yake zubawa a lambatu. Tun ranar rabo malamin gona na wancan zamanin ya tara su ya yi musu bayani. Ya ce ruwan kogin nan, duk daɗinsa, akwai ɗan gishiri a cikinsa wanda harshe ba ya ji. Rana za ta sha ruwan ta bar gishirin a ƙasa. A wasu wurare ruwan sama ne yake wanke shi, amma tunda nan babu, dole manomi ya zama shi ne daminar gonarsa. Ya ba ta fiye da abin da shuka za ta sha, rarar ta fita ta bakin ƙasa da gishirin, lambatu ya kai shi can cikin rairayi ya zubar.

Baba ya saurara da kyau, ya ce Allah Ya ƙara sani. A makon nan ya cika buhuna da ƙasa ya toshe bakin ƙasa na gonarsa.

Shi a wurinsa ba taurin kai ba ne. Tun yana yaro aka koya masa cewa salka mai yoyo ita ke kashe ayari, sai ga shi an ba shi gona an ce ya bar mata huda da gangan. Bai tsaya nan ba ma. Ya haƙa ɗan rami a ƙasan gonar inda rarar ruwa ke taruwa, ya riƙa ɗiba da bokiti biyu yana mayarwa fangalan sama, wato ƙananan ɗakunan shukar da ake kewayewa da kunya. Ruwa ɗaya sai ya zaga gonar nan ya sake zagawa. Har yau in ka dubi kafaɗarsa za ka ga inda sandar bokitan ta kwanta.

Abin haushi, shekaru da yawa dabarar tana ci. Ƙasar sabuwa ce, tana da haƙuri. Albasarsa ba ta gaza ta kowa ba, ga shi rabin ruwansa kawai yake amfani da shi, sauran ya ce wa mai rabo a ba wane, tumatirinsa yana jin jiki. Babu gonar da ke layin nan da ba ta sha ruwan Baba ba. To wa zai buɗe baki ya ce masa ga kuskurensa? Kowa ya ga buhunan, kowa ya kau da kai. In an yi baƙi daga ofis, su maƙwabtan ne ma suke tsayawa a daidai wurin su tare da riguna.

Bayan na yi haihuwa ta biyu farin gishiri ya fara fitowa a gonar. Daga ƙasan gonar ya soma, kamar an barbaɗa gari a bakin kunya. Albasar wurin ta fito ƙanana, ka rantse tafarnuwa ce. Baba ya ce iri ne ba shi da kyau. Shekara ta zagayo farin ya hau fangali na gaba, ya ce takin zamani ne na jabu. Ta gaba kuma ya ce iska ce. Ya samo wata dabara, da safe ya bi farin da fartanya yana kankarewa, ya zuba a kwando ya kai bakin hanya. Washegari ya tarar ya dawo, ya sake kankarewa. Ni a lokacin ina zuwa gonar taya shi dashe da cira, ina gani da idona, ina haɗiye maganata.

Maigidana kuwa, ɗansa, gyaran injin ban-ruwa yake yi. Ya san komai. Shi da kansa yake gaya wa manoma su share lambatunsu. Amma in na ce ya yi wa mahaifinsa magana sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Baba ne." Na ce na san Baba ne, ban ce maƙwabci ba ne. Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce to ka sauko daga rimin ka duba ƙasa, ta yi fari fat. Mutumin kirki ne mijina, wallahi, amma in ya shiga gaban ubansa ko sunansa sai an tuna masa.

Aka kawo sabon malamin gona, matashi mai ladabi, da babur da wani ƙarfe da yake cakawa a ƙasa ya duba. Ina gonar ranar da ya zo. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya caka ƙarfensa nan da can, sannan ya gangara ya tsaya a kan ramin da ake ɗibar ruwa. Ya daɗe yana kallon buhunan, waɗanda tuni ciyawa ta fito a kansu.

Ya ce, "Baba, don Allah ku ɗanɗana ruwan ramin nan."

Baba ya sunkuya ya kamfata da tafin hannu. Ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai sayen zuma, ya haɗiye. Bai tofar ba, ina fa zai tofar.

Ya ce, "Ruwa ne. Mun sha wanda ya fi wannan ɗaci muka gode wa Allah. Raƙumi zai sha."

Malamin ya ce, "Haka ne, Baba. Sai dai albasa kuka shuka."

Baba ya ce Allah Ya yi masa albarka, ya ɗauki bokitansa. Na juya baya na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Da abin ya tsaya a gonarsa, da har yau ana lallaɓa shi. Amma ruwan da aka hana fita ta baki sai ya nemi hanya ta ƙarƙashi, ya ratsa gonar maƙwabci, wani mai yawan iyali da ake ce wa Dogo. Tumatirin Dogo na gefen iyaka ya ƙone tsaye. Dogo ya yi shiru shekara ɗaya saboda alherin da ya sha, ta biyu ya kai ƙara ƙungiyar manoma.

Shugaban ƙungiya da kansa ya zo gida. Tsoho ne shi ma, tare suka haƙa kanal. Na shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin lemo, na kawo shayi, na koma kicin na bar ƙofa a buɗe. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tuna waɗanda suka mutu, sannan shugaba ya ajiye kofi.

Ya ce, "Ɗigo, ka san doka, kana wurin aka kafa ta. Gonar da ta daina bayarwa kuma tana cutar maƙwabta, karɓe ta ake yi. Akwai masu jira, samari ne da ba su da ko taku ɗaya na gona."

Baba ya ce ya sani.

"An ba ka wa'adi zuwa shukar alkama. Ka buɗe bakin ƙasa, a cika gonar da ruwa a sake shi, a sake cikawa a sake, har ta wanku. In alkama ta fito, gonarka ce. In ba ta fito ba, ni zan zo da igiyar awo, kuma ba na so."

"Ruwan da za a yi wannan ɓarnar da shi fa, na waye?"

"Mutanen layinku sun ce kowa ya bar maka ranarsa. Har Dogo. Sun ce ka daɗe kana ba su."

Baba ya ce, "Wato in karɓi ruwan mutane in kai wa rairayi."

Shugaba ya ce, "Eh."

Shayin ya riga ya huce. Baba ya shanye nasa, ya shanye ragowar na baƙo bayan ya tafi.

Kwanaki suka yi ta tafiya, sanyi ya fara shigowa, maƙwabta suna ta huɗa, Baba yana ta kankare fari da fartanya. Gonar nan ita ce cikinmu. Gyaran inji yau akwai gobe babu, amma buhun alkama in yana ɗaki kowa yana barci. Na ga dai in na biye wa kunya, da ita za mu yi miya.

A gidanmu ni da Baba ba ma magana kai tsaye, ban da gaisuwa. In ina da magana Inna nake gaya wa, da ɗan ƙarfi, shi kuma daga ƙarƙashin lemo ya ba Inna amsa. Inna ba ta isar da saƙon kowa, aikinta take yi. Wata rana ina wanki, ita tana ɗinke matashi.

Na ce, "Inna, in mutum ya wanke riga, a cikin ruwan dattin yake barinta ta bushe?"

Daga ƙarƙashin lemo aka ce, "Ki gaya mata ruwan wanki ma ana ba bishiya."

"Inna, ai bishiyar nan da tana da baki da tuni ta kai ƙara ƙungiya ita ma."

"Ki gaya mata wanda bai taɓa kwana da ƙishi ba, ba ya yi wa mutane wa'azin ruwa."

Nan fa raina ya ɓaci. Na yar da rigar cikin baho, na juya na fuskance shi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Na ce, "Baba, gaskiya ne ban san ƙishi ba. Amma jikokinku za su san yunwa, kuma ruwan nan da kuke tsarewa shi zai koya musu."

Allurar Inna ta tsaya. Baba ya dube ni, ba kallon fushi ba, irin kallon da ake yi wa abin da aka daɗe ana jira ya faɗo. Ya laluba sandarsa ya miƙe ya shiga ɗaki. Ban janye maganata ba, don gaskiya ce, amma tausayinsa ya hana ni ƙarasa wankin.

Washegari bai je gona ba. Ya ɗauki gorar ruwa ya bi gefen lambatu da ƙafa, yana son ya ga inda ruwan mutane yake zuwa. Ina jin so yake ya tarar da wani abu yana sha, ko garken awaki, ko 'yar ciyawa. Sai yamma liƙis ya dawo, ƙafafunsa fari har gwiwa. Ya zauna, Inna ta kawo masa abinci. Ya ce mata lambatun yana ƙarewa ne a wani fili fari, ruwan ya baje ya tsaya, rana tana sha. Ya ce, "Ko tsuntsu babu." Ya ci loma biyu ya ture kwanon. Sannan ya ce a gaya wa yaron nan, wato mijina, ya sanar da mai rabon ruwa ya yarda a wanke gonar.

Ranar wankin gonar da sassafe duk layin suka fito, kowa da uzurinsa, wani wai ya zo duba kunya, wani wai akuyarsa ce ta ɓata. Maigidana da mai rabo suna bakin sama. Aka ɗaga ƙofa, ruwa ya shigo, ba irin ɗan siririn da Baba ya saba karɓa ba, ruwan gona da yawa ne a haɗe. Ya cika fangalan sama, ya haura kunya, ya gangara, ya rufe farin nan duka. Kafin hantsi gonar ta zama tafki, har sararin sama ake gani a ciki. Ni ina gefe da butar shayin da na kawo, wadda ba wanda ya kula ta.

Baba ya ce shi zai buɗe da hannunsa, shi ya toshe. Ya naɗe wando ya shiga ruwan har cinya, da shebur a kafaɗa. Buhunan sun daɗe da ruɓewa, abin ya zama bango guda na ƙasa da saiwar ciyawa. Ya yi bisimilla ya kafa shebur. Ya ɗebe ɗaya, ya ɗebe biyu. Ruwa ya sami ƙofa, ya fara sulalewa siriri, sannan ya ci gefen ramin ya faɗa lambatu da ƙara.

Sai kawai na ga shebur a cikin ruwa. Baba ya durƙusa, ya kwaso laka da hannu biyu ya danna a bakin, ya ƙara, ya ƙara, ya dafe da ƙirjinsa. Kafin ka ce kwabo ya toshe shi tsaf. Ba shawara ya yi ba, hannuwan ne suka yi abin da suka saba. Ya tsaya a durƙushe yana kallonsu, ruwa har wuyan rigarsa. Dogo ya juya yana duban wani wuri. Sauran ma kowa ya sami abin kallo a gonarsa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya lalubo shebur ɗin ya miƙe. Bai kira ɗansa ba, bai kira Dogo ba.

Ya ce, "Yarinya. Zo."

Na ajiye buta, na tattare zani na shiga. Ruwan da sanyi, lakar tana kama ƙafa. Ya miƙo min shebur ɗin ta wajen ƙota.

Ya ce, "Ke kin iya."

Na karɓa. Na ce, "To, Baba."

"Ki bari sai na kai titi."

Ya fita daga ruwan, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya hau kan kunyar iyaka ya miƙe. Tsakanin gonar da titi akwai 'yar tafiya, shi kuma ba sauri yake yi ba. Mai rabo yana ɗaga murya daga sama, wai a buɗe, kunyar Dogo za ta karye. Na yi kamar ban ji ba. Na tsaya da shebur a hannu ina kallon bayan dattijon nan, rigarsa a manne da jiki, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Sai da na ga ya hau kwalta ya karya kwana, sannan na kafa shebur. Ban yi wa bangon nan da wasa ba, na rushe shi duka har ƙasa. Ruwa ya kwasa ya tafi, jajaja da shi, yana kumfa. Ina yi ina kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa, don ban taɓa zubar da ruwa na ji ciwonsa ba sai ranar.

Wanki ɗaya bai isa ba. Aka sake, aka kuma sakewa, duk da ruwan maƙwabta. Muka shuka alkama a makare, ni da maigidana. Ta fito, ba wata fitowar a-zo-a-gani ba, nan kore nan sanƙo, amma ta fito. Shugaba ya zo ya zaga da hannu a baya, bai zo da igiya ba. Daga gonar ya wuce gida ya sami Baba ya ce an bar masa gonarsa.

Baba ya ce, "Ka yi magana da yaran. Tasu ce."

Shugaba ya ce ba haka ake nufi ba, ba wanda ya kore shi. Baba ya ce ya sani. Ya ce gonar tana bukatar wanda zai iya barinta a buɗe, shi kuma in ya koma zai toshe, ya san kansa. Ba a tsaya jayayya ba. Tun daga ranar bai sake taka gonar ba, mutumin da a da ko zazzaɓi yake sai ya je ya leƙa ta. Yanzu yana gida, yana tufka igiya, yana liƙe bokitan unguwa masu yoyo. Ya rame, ya kuma yi shiru fiye da da. Ni nake zuwa da ɗansa, ni nake share bakin ƙasa duk ranar ban-ruwa.

Da alkamar ta yi kai na tsinko zangarniya ɗaya mai kyau na kawo masa. Yana zaune da igiyarsa. Na durƙusa na miƙa masa, ya karɓa, ya murje ta a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya daɗe yana duban ƙwayar. Yanzu kai tsaye yake min magana, ba ya bi ta wurin Inna.

Ya ce, "Gefen sama duk haka yake?"

Na ce, "Duk haka yake, Baba."

"Ƙasan fa?"

"Da saura. Malam ya ce bayan girbi sai an ƙara wanki."

Ya zuba ƙwayar a aljihu, ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Na ɗauka maganar ta ƙare, har na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "To. Ku gaya min ranar tun da wuri, in tafi kasuwa."

Kasuwarmu tana can ɗaya gefen gari, nesa da gonar, kuma ba ya sayen kome.